Da Mai Burodi Ya Daina Ɗanɗano

Duk namijin da ya haura arba'in yana da wani abinci da ba ya lissafa shi a cikin ci. Wasunmu gyaɗa ce a aljihun riga, wasunmu ragowar kwanon yara ce da muke sharewa wai don kada a yi almubazzaranci. Shi Mai Burodi nasa ɗanɗano ne.

Duk zubin da aka fitar daga tanderu sai ya tsaga burodi ɗaya da zafinsa, ya shinshina, ya kai baki. Aiki ne, ba kwaɗayi ba. Da harshe ake sanin gishiri ya ji ko bai ji ba, yis ya tashi ko ya zarce. Sai dai shi ɗanɗanonsa da bota yake tafiya, bota kuma ba ta wucewa sai da shayi, shayi kuwa in babu madara da sukari ai ruwan zafi ne kawai. Idan ka tambaye shi da yamma me ya ci yau, sai ya rantse maka tun safe bai sa komai a cikinsa ba. Kuma har zuciyarsa gaskiya yake faɗa.

Wannan ɗanɗanon ne ya tara masa tumbin da ya tsaya tsakaninsa da Malama.

Malama tana koyarwa a firamaren da ke bayan gidan burodin. Ta yi aure a wani gari mai nisa, inda hawan jini ya kayar da mijinta a banɗaki wata safiya, ɓarin jikinsa ya shanye. Ta yi jinyarsa shekaru har Allah ya karɓi abinsa, sannan ta dawo gidan mahaifiyarta. Shi ma Mai Burodi matarsa ta daɗe da rasuwa. Su biyun ba yara ba ne, ba su ɓata wa juna lokaci ba. Abin da ya rage kawai amincewar gida.

Ran da ya je gaishe da mahaifiyarta, wadda kowa a gidan ke kira Mama, sai da ya zaɓi rigar da ta fi kowace yalwa, ya kuma riƙe numfashi ya shanye cikinsa tun daga bakin ƙofa. Kafin a gama gaisuwa numfashin ya ƙwace, cikin ya koma mazauninsa a kan idon tsohuwar.

Ta dube shi ta saman tabarau.

"Bawan Allah, ba ni da ta cewa a kan halinka. An bincika, an ce ba ka da abokin faɗa. Burodinka ma da shi muke karyawa a gidan nan tun kafin ka san ina da 'ya."

"Na gode, Hajiya. Allah ya ƙara girma."

"Kada ka yi saurin godiya, ban gama ba. Ni da idona na ga yarinyar nan tana juya namiji a kan gado kamar jariri, ta ba shi abinci da cokali, ta wanke shi, ta kwana zaune. Ta tafi gidan miji da kumatunta, ta dawo min daga ƙashi sai fata. Na yi rantsuwa ba zan sake aurar da ita ga jinya ba. Kai kuma dubi yadda kake haki."

"Matattakalar ce, Hajiya."

"Gidan nan ba shi da matattakala."

Daga bayan labule ya ji wani ɗan sauti. Bai gane ba ko dariya Malama ta danne ko kuka.

"Ka je ka sauke kayan nan da ka ɗauko a gaba, sannan mu yi magana," in ji Mama. "Kuma abin ba wuya, a baki yake. Ka rage ci."

"Wane irin ci kuma, Mama?"

Yayan Malama ne ya shigo. Ya daɗe da yin ritaya, amma har yau Soja ake kiransa, kuma har yau in yana tafiya sai ka ɗauka fareti ake yi.

"Mu a bariki kowa abincin mutum uku yake ci, wa ya taɓa ganin kurtu da tumbi? Zama ne ke kawo shi. Ku bar min farar hular nan, gumi ne maganinsa."

"Ci ne."

"Zama ne, Mama."

Uwa da ɗa suka dinga jayayya a kansa kamar ba ya wurin. Shi kuma yana bin su da ido, wannan ta faɗa ya gyaɗa kai, wannan ya faɗa ya gyaɗa kai.

Ana cikin haka aka yi sallama. Wani siririn mutum ya shigo da tukunyar gas a kafaɗa kamar ya ɗauko matashin kai. Malamin wasanni ne a makarantar su Malama, Dogo ake ce masa. Ya gaishe su, ya wuce kicin kai tsaye ba tare da an nuna masa hanya ba. Wannan sanin hanyar shi ya fi komai tayar wa Mai Burodi hankali.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," in ji Mama da wata murya mai laushi da Mai Burodi bai san tana da ita ba. Sannan ta waiwayo gare shi. "Ka gani? Ko numfashinsa bai canza ba."

* * *

A cikin shawarwarin biyu, Mai Burodi ya zaɓi ta Soja. Ya gaya wa kansa wai soja ya fi kowa sanin jiki. Gaskiyar kuwa ita ce, shawarar Soja ba ta taɓa bota ba.

Ya sayi takalmin kambas da wandon gudu mafi girma a shagon. Kullum da sassafe su haɗu a filin ƙwallo.

"Ɗaga ƙafa, farar hula! Gudu na ce, ba rakiyar amarya ba!"

"Yaya... zuciyata... a kunne nake jin ta."

Mai Burodi ya girmi Soja nesa ba kusa ba, amma mai neman ƙanwar mutum dole ya ce Yaya.

"Alhamdu lillahi, tana aiki ke nan. Ci gaba!"

Wani lokacin Dogo yakan wuce su a guje, ya juyo yana gudun da baya-baya don ya samu damar gaisuwa.

"Sannu da ƙoƙari, Alhaji. A hankali dai, ba a sayar da gwiwa a kasuwa."

Mai Burodi yana da amsoshi masu zafi da yawa. Numfashin faɗarsu ne babu.

Amma a hankali abu ya fara canzawa. Hakin ya ragu. Yana kwanciya barci ke ɗauke shi. Wata safiya ya sunkuya ya ɗaure igiyar takalminsa ba tare da ya nemi kujera ba, har ya tsaya yana dube-dube ko akwai wanda ya gani.

Abu ɗaya Soja bai gaya masa ba, shi ne gudu yana haifar da yunwa. Kuma lokacin da yake dawowa daga fili ya yi daidai da lokacin da ake fitar da zubin farko. Sai ya zauna da guminsa, ya ce ai ya riga ya ƙona wannan a fili. Ɗanɗanon da a da yake tsayawa a rabin burodi ya koma ba ya barin ko ɓawo.

Da ya ga ya kwana biyu yana shan wuya, sai ya jira ma'aikata suka fita cin abincin rana, ya rufe ƙofar sito, ya hau sikelin da ake auna buhunan fulawa.

Allurar ta wuce inda ta tsaya ran da ya auna kansa kafin ya fara gudu.

Ya sauka. Ya cire takalmi, ya cire hula, ya ajiye waya da makullai, ya fitar da duk iskar da ke ƙirjinsa, ya sake hawa. Ya gwada da ƙafa ɗaya. Daga ƙarshe ya jawo sabon buhun fulawa ya ɗora don ya kama sikelin da ƙarya. Sikelin ya faɗi gaskiya.

"Tsoka ce!" in ji Soja washegari. "Tsoka ta fi kitse nauyi. Ka fara zama namiji."

Mai Burodi ya danna cikinsa da yatsa, yatsar ta nutse. In tsoka ce, to irin mai laushin ya samu.

* * *

Rikicewa ce ta kai shi asibiti, bai gaya wa kowa ba. Likitar ta san shi, don yakan leƙo lokaci-lokaci tun da ta taɓa gaya masa jininsa ya fara hawa. Ta ɗaura masa abin awo a dantse, ta duba, ta sake dubawa.

"Alhaji, me ka canza? Jininka ya sauka. Sukarin ma ya fi na wancan zuwan kyau."

"Gudu nake yi."

"Madalla. Kada ka daina."

"To amma na ƙara nauyi."

"Na gani."

"Na samu lafiya ke nan, ko na ƙara lalacewa?"

"Ka fi da lafiya, kuma ka fi da nauyi."

Ya dafe kai. "Likita, don Allah ki zaɓi ɗaya. Akwai wadda zan kai wa amsa."

Ta yi dariya. "Motsa jiki yana gyara zuciya da jini da barci, ko da sikeli bai motsa ba. Amma tumbi, yawancinsa a kwano ake sauke shi. Abin da ka ƙona a zagayen fili, burodi ɗaya da bota zai mayar maka da shi har da ƙari. Me kake ci a yini?"

"Wallahi kusan ba na cin komai."

"To me kake sa wa a baki?"

Wannan kuma wata tambaya ce daban. Ya yi mata bayanin ɗanɗano, da bota, da shayin da ke raka bota. Ta tambaye shi zubi nawa suke yi a rana. Da ya faɗa mata, sai ta ajiye biro ta zuba masa ido.

"Ka riƙa gutsurar kaɗan, kamar kan yatsa. Ai ya isa a ji gishiri."

Mai Burodi ya san kansa. Bai taɓa ganin gutsuren da ya zo shi kaɗai ba, kowanne da ƙannensa yake tafe. Don haka tun kafin ya fita daga harabar asibitin ya yanke hukunci: burodi ba zai sake taɓa harshensa ba sai an ɗaura aure.

A hanya yana ta juya maganar. Wato Hajiya ta yi gaskiya, Soja ma ya yi gaskiya. Shi kaɗai ne ya yi ƙarya, kuma bai san ya yi ba.

Ya damƙa ɗanɗano a hannun babban mai kwaɓinsa, mutumin kirki, shekara da shekaru suna tare. Sai dai ƙurar fulawa ta sa mura ba ta rabuwa da shi. Komai ya sa a baki sai ya ja hanci ya ce, "Ya yi, Oga."

Wata rana burodi ya fito kamar da hawaye aka kwaɓa shi. Wata rana ya fito salam, kamar kana tauna katifa. Masu shayi suka fara dawo da kaya. Wanda ya fi daɗewa a cikinsu ya zo har sito ya ce, "Alhaji, in wani abu ne ke damunka ka faɗa mana mu taya ka addu'a, amma kada ka huce a kanmu."

Shi kuwa yana zaune a tsakiyar ƙamshin burodinsa da kwanon dafaffen wake da ganye, yana tauna kamar akuyar da aka yi wa laifi. Wandonsa ya fara sakewa. Cinikinsa ma haka.

* * *

Wata rana bayan an tashi daga makaranta, Malama ta zo ƙofar baya ta gidan burodin, abin da ba ta taɓa yi ba. Idanunta sun yi ja. Ta buɗe jaka ta fito da yankin burodi a naɗe cikin takarda.

"Mama ta ce in kawo maka. Ta ce ka ci a gabana."

Ya dubi burodin kamar wanda ya haɗu da tsohuwar budurwarsa a kasuwa.

"Ba zan iya ba. Na yi alkawari."

"Wa ka yi wa?"

"Ke."

"Ni yaushe na roƙe ka?" ta ce. "Ka san abin da ta ce da safen nan? Ta tofar da shi a faranti, ta ce mutumin da ya kasa riƙe gishirin burodinsa ta yaya zai riƙe gida."

"Ita fa ta ce in rage ci!"

"Ta ce ka rage ci, ba ta ce ka kashe sana'a ba."

"To ai a cikin sana'ar cin yake! In na ɗanɗana in yi tumbi, a hana ni ke. In ban ɗanɗana ba burodi ya lalace, a hana ni ke. Yayanki ya ce in yi gudu, na yi, na ƙara nauyi. Ki gaya min, Malama, ke da kike koyar da lissafi, ta ina ake fita?"

Sai ta zauna a kan wani buhu da ke bakin ƙofa, ta rufe fuska da gefen mayafi, ta fashe da kuka. Ya rasa yadda zai yi. Ya miƙa hannu, ya tuna ba a ɗaura ba, ya mayar da shi aljihu. Ya duba ko'ina babu hankici, sai tsumman goge tire.

"Dogo ya turo kawunsa jiya," ta ce cikin shessheƙa. "Mama ta ce ta gaji da ja-in-ja. Ran Asabar da la'asar ku zo ku duka biyun, za ta yanke magana."

Ya jingina da bango.

"Ke fa? Ki faɗa min tsakaninki da Allah. Tumbin nan yana damunki?"

"Kai ma tumbin? Kowa tumbi, tumbi!" Ta ɗago jiƙaƙƙun idanunta. "Ba wanda ya taɓa tambayata me nake tsoro. Ni ƙara nake tsoro. Ƙarar faɗuwar mutum a bayan rufaffiyar ƙofa. Ina kicin ina soya ƙwai na ji ta. Har yau in bokiti ya faɗi a banɗaki sai ƙafafuna su kasa ɗaukata. Duk wanda na aura, in ya shiga wanka ya daɗe, a bakin ƙofa zai fito ya same ni. Za ka iya zama da mace irin wannan?"

"Ni ba na daɗewa a wanka," ya ce. Yana faɗa ya san ba ita ce amsar ba.

Ta yi wata 'yar dariya a cikin kukan, ta share hanci.

Ya so ya ƙara mata ƙarfin gwiwa, sai ya ce, "Kuma likita ta ce jinina ya sauka."

Ta tsaya cak.

"Wace likita?"

"Ta asibiti mana. Nakan je ta auna ni."

"Da ƙafarka? Ba ciwo ne ya kai ka ba? Ba wanda ya ɗauke ka?"

"Wa zai iya ɗaukata?"

Sai ta sake fashewa da kuka, wanda ya fi na farko. Mai Burodi ya tsaya sororo. Ya kawo labari mara daɗi an yi kuka, ya kawo mai daɗi an fi kuka. Ta miƙe ta gyara mayafi, ta ajiye masa yankin burodin a kan buhu, ta tafi ba ta waiwayo ba.

Ya daɗe yana kallon burodin. Daga baya ya ɗauka, ya lasa da kan harshe.

Tsohuwar ta yi gaskiya. Gishiri ne zalla.

* * *

Ran Asabar ya tarar Dogo ya riga shi zuwa, yana zaune a miƙe kamar an sa masa sanda a riga. Soja yana tsaye bakin taga. Mama tana kan kujerarta da tabarau. Ana jin motsin kofuna daga bayan labule.

Mama ta auna Mai Burodi da ido daga sama har ƙasa.

"Ya ragu," ta ce. "Kamar an ɗebi cokali ɗaya daga buhu, amma ya ragu."

"Aikina ne," in ji Soja.

"Aikinka? Da yana hannunka kaɗai ai kumbura ya yi ta yi. Sai da ya bi maganata."

"Mama, da ba don gudun ba, da yanzu yana haki. Ji shi, shiru kamar sabuwar mota."

"Sabuwar mota mai burodin gishiri! Bawan Allah, me na yi maka? Shekara nawa ina cin burodinka lafiya, sai da ka fara neman 'yata za ka kashe ni?"

Mai Burodi ya gyara zama. Ya kwana yana shirya jawabi, amma duk ya gudu, tambaya ɗaya ta rage masa.

"Hajiya, don girman Allah ki raba min gardama. In ɗanɗana ko kada in ɗanɗana?"

"Ka ɗanɗana mana!"

"To tumbin fa?"

"Ka sauke shi."

"Ai shi ne ɗanɗanon."

"To kada ka ci."

"Ai in ban ci ba..."

"Kai, kada ka juya min kai a gidana!"

Dogo ya yi gyaran murya. Ya ga ƙofa ta buɗe masa, ya shiga da ladabi.

"Mama, ni dai ba na son in yabi kaina. Amma Malama ta sha wahala, hutu take buƙata. Ni tun da nake ban taɓa shan ko ƙwayar ciwon kai ba. Wallahi ko hanyar asibiti ban sani ba."

Tire ya faɗi a bayan labule. Kofuna suka tarwatse.

Malama ta fito, shayi ya jiƙa mata gefen zane, ba ta ko kula ba. Ba Dogo take kallo ba, mahaifiyarta take kallo.

"Mama, kin ji abin da ya ce?"

"Na ji. Koma ciki ki..."

"A'a, Mama. Kin ji?"

Ta juya ta shige ɗaki. Aka ji ana jan akwati, ana buɗewa. Ta dawo rungume da wani hoto a cikin firam, ta durƙusa ta ɗora shi a cinyar Mama, hawaye na zuba. Daga inda Mai Burodi yake zaune bayan firam ɗin kawai yake gani. Amma ya gane na marigayin ne, don ya ga Soja ya sunkuyar da kai.

Mama ta daɗe tana kallon hoton. Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar, ta sake cirewa.

"A kan kujerar nan ya gaya min haka," ta ce a hankali, kamar da hoton take magana. "Ko hanyar asibiti bai sani ba. Ni kuma na yi ta murna, na ce 'yata ta dace."

"Ban taɓa yi miki musu ba, Mama," in ji Malama. "Kika ce wancan, na bi. Yau ma in kin ce, zan bi. Amma ki bar ni in auri wanda ya san hanyar."

Mai Burodi ya dubi Soja ko zai samu bayani, Soja yana kallon silin. Ya dubi Dogo, ya ga shi ma bai gane ba, abin da ya ɗan sanyaya masa rai.

Mama ta share ido da bakin ɗankwali.

"Ɗan nan," ta ce wa Dogo, "yaushe rabonka da a auna jininka?"

"Ni? Me za a auna, Mama? Dube ni fa."

"Na dube ka. Na taɓa duban irinka." Ta numfasa. "Ka yi haƙuri, ka yi mana hidima, Allah ya ba ka wadda ta fi ta. Amma ko don uwarka ka je a auna ka."

Dogo ya miƙe, ya yi sallama a ciki-ciki, ya fita. Wannan karon numfashinsa ya canza.

Mama ta juyo.

"Kai kuma, bawan Allah, yaushe za ka koma wurin likitar?"

"Ta ce ƙarshen wata, Hajiya."

"Za ka koma?"

"Dole. Ai ita kaɗai ta san ko ina da lafiya. Ni na daina ganewa."

"To ka turo manyanka. Gudun kada ka daina. Botar kada ka koma mata. Gishirin kuma ka gyara shi kafin gobe da safe, ko ta wace hanya, ba ruwana."

Malama ta kifa kai a gwiwar mahaifiyarta tana kuka. Soja ya zo ya daki kafaɗar Mai Burodi har sai da haƙoransa suka haɗu.

"Barka, farar hula. Gobe zagaye zai ƙaru."

Mai Burodi ya yi godiya, ya sake yin godiya, don bai san me kuma ake yi ba. An ba shi Malama, wannan ya gane. Abin da bai gane ba shi ne da me ya ci: da gudun, da yunwar, ko da kofunan da suka fashe. Ya sha wake da ganye, ya kori masu shayi, ya zagaye fili har takalmi ya cinye, duk don kada ya zama kamar mutumin da ke cikin firam ɗin nan. Ya ga ya kamata aƙalla ya ga fuskar ɗan'uwansa a tumbi, ya yi masa addu'a.

"Yaya," ya ce ƙasa-ƙasa, "ko zan iya gani?"

Soja ya ɗauko hoton daga hannun kujera ya miƙa masa.

Marigayin yana tsaye a cikin kayan ƙwallo, riƙe da keke. Siriri ne. Ko Dogo ya fi shi jiki.